Mutumin da Ke Juya wa Allo Baya

Mijin yayata ya tsufa a gidan silima, amma in ka ce ya ba ka labarin fim guda daga farko zuwa ƙarshe, ka ɗaure shi. Aikinsa ba kallo ba ne. Idan an kashe fitilu kowa ya zuba wa allo ido, shi sai ya gangara can ƙasa, ya juya wa allon baya, ya fuskanci jama'a da tocila a hannu. Farauta yake yi. Abin da yake nema shi ne ɗan hasken wayar da wani ya ɓoye a hannun riga ko tsakanin gwiwoyi, yana ɗaukar fim ɗin don ya fita da shi. Da ya hango, sai ya bi gefen bango a hankali da takalminsa na roba, mutum ba zai ankara ba sai ya ji haske a tsakiyar idonsa. Shi ya sa tun daga masu shara har manaja ba mai kiransa da komai sai Tocila. Mu ma a gida haka muke ce masa, amma a bayan idonsa.

Ni kitso nake yi, shagona yana ƙasan benen da suke haya. Na san mutumin nan tun ina yarinya, lokacin da yake zuwa wajen Yaya da rigarsa mai karin guga kamar zai yanki mutum. Bari in faɗi nasa na kirki, kada a ce ƙiyayya ce ta buɗe mini baki. Ba ya shan taba. Bai taɓa ɗaga wa Yaya hannu ba. Bai taɓa makara wurin aiki ba, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. In gishiri ya yi yawa a miya, a gaban baƙi zai faɗa, in kuma ya yi daidai ba za ka ji komai ba, don a wurinsa daidai ba abin yabo ba ne. Mutane suna cewa Yaya ta yi dacen miji mai gaskiya. Su daga nesa suke hangen gaskiyar tasa, ni kuwa a ƙarƙashinta na zauna, kuma ban taɓa son mutumin ba.

'Ya'yansu biyu. Ƙaramar mace ce, Auta, tana karatun aikin jinya. Babban namiji ne, muna ce masa Mage, saboda tun yana rarrafe ba abin da ba ya hawa, kuma duk inda ya faɗo a kan ƙafafunsa yake dira. Sau ɗaya ne ya kuskure, ƙarfen matattakala ya tsaga masa girar hagu, tabon ya zauna. Da ya girma sai abin ya zama sana'ar da ba ta da suna a wurinmu. Shi da abokansa suna tara tsofaffin katifu a bayan gareji, suna koyon faɗuwa irin ta fim: daga kan katanga, daga kan mota, da baya, da gefe. Uban yana cewa wai ɗansa ya rasa abin koyo sai faɗuwa.

Wata rana Mage ya sayi tikiti ya shiga silimar ubansa. Akwai wani faɗa a fim ɗin da yake so ya koyi yadda aka yi shi, sai ya fito da waya ya soma ɗauka. Tocilar da ta haska shi ta ubansa ce. Manaja da kansa ya ce, “Haba, ɗanka ne fa. A goge, ka je gida ka ja masa kunne.” Tocila ya ce 'ya'yan mutane da yawa ya miƙa wa 'yan sanda, nasa bai fi su ba. Shi ya riƙe hannun yaron har bakin motar 'yan sandan. Mage ya kwana a can kwanakin da ya kwana, ya fito da kai a aske, ya shigo gida ya durƙusa gaban uwarsa, ya tashi ya ɗauki jaka ya fita. Washegari Tocila ya sauke hotunan yaron daga bangon falo, ya ce fuskar ɓarawo ba ta rataya a gidansa. Har na cikin akwatin Yaya ya kwashe, ba wanda ya san inda ya kai su. Shekaru suka yi ta wucewa, ko kiran waya Mage bai taɓa yi ba, ba mu san ma ƙasar da yake ba.

Ana cikin haka ciwon suga ya sauka a idon Yaya. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ya soma bin sa. Ranar da ni da Auta muka kai ta asibiti, likita ya ja mu gefe ya ce maganar watanni ake yi, ba shekaru ba. Ba mu gaya mata ba, amma mai ido ya fi kowa sanin idonsa. A mota muna dawowa ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Ni dai in ga yaron nan sau ɗaya kafin a rufe.”

To a wannan tsakanin ne fim ɗin ƙanƙara ya shigo gari. Sunan da aka sa masa ke nan, don labarin wasu mutane ne da aka kwasa a kumbon sararin samaniya aka kai wata duniya mai nisa suna haƙar ƙanƙara, mutum-mutumin ƙarfe suna tsaye a kansu da bindigogi masu fitar da wuta, har ranar da suka ce sun gaji. A ƙasashen waje aka fara nuna shi, bai iso silimarmu ba tukuna, amma wani ya riga ya ɗauko shi a ɓoye daga can, ya bazu a wayoyi. Kwafin duhu ne, yana rawa, kana jin tarin wani da kukan jaririn wata a ciki. Duk da haka ba wanda bai kalla ba.

Kuma ban taɓa ganin fim ɗin da ya raba kan mutane kamarsa ba. A shagona kaɗai an kusa ba hammata iska. Malamar makarantar da ke bayan layinmu ta ce ba a taɓa yin irinsa ba, labarin duk wani mai aiki a ƙarƙashin wani ne, ta yi kuka har sau biyu. Matar mai kemis ta ce kukan banza, fim ne ba kai ba gindi, ƙara ce kawai da walƙiya, ita ciwon kai ta samu, da ma maganin yana kusa. Abin da masu ƙin sa suka fi tsana shi ne tsakiyarsa, inda aka daɗe ana nuna mahaƙan a cikin rami da kan wata doguwar gada. Matar mai kemis ta ce a wurin ta yi barci ta farka ta tarar ba su gama tsallake gadar ba. Malama ta ce ai wurin ne zuciyar fim ɗin, wanda bai gane shi ba ya koma kallon zanen yara. Sai da na ce duk wadda ta sake motsa kai zan bar mata kitson rabi kafin aka samu lafiya.

Mai kitso tana ganin abin da bai shafe ta ba. Mace tana zaune a gabanki, kanta a sunkuye, wayarta a cinya, ke kina tsaye a bisa kanta. Na karanta saƙonnin da suka kashe aure, na ga hotunan da ba a so a gani, bakina alaikum. Haka wata rana da hantsi wata baƙuwa tana kallon fim ɗin ina mata kitso, ina leƙawa ba da niyya ba. An zo wurin gadar. Mahaƙan sun jeru, ƙarafan sun tare su gaba da baya. Sai ɗaya daga cikinsu ya cire hular kwanonsa, fuskarsa ta cika wayar, ya yi wani ɗan murmushi na gefen baki, ya saki jiki ya faɗa ramin da baya. Duka abin bai fi kurɓar ruwa ba. Amma ni na yi wa yaron nan wanka, ni na danne masa girar nan da tsumma ranar da ta tsage.

Na fizge wayar daga hannun matar, na bar ta da rabin kai tana kirana, na haye bene. Yaya tana zaune bakin gado.

“Yaya, sa tabarau. Mage ne. Wallahi Mage ne, a cikin fim.”

Ta lalubo tabaran, ni na saka mata. Ta kawo wayar dab da hancinta. Da gudun da na yi fim ɗin ya wuce wurin, ina ta ja da yatsa ina neman gadar, ina wucewa, ina komowa. Ban san Tocila yana gida ba, ashe ranar sai da rana zai fita. Ya fito daga banɗaki da tawul a wuya, ya tsaya yana saurare. Tarin nan na cikin kwafin ya ji. Kunnen da ya shekara yana wannan aikin ba ya bukatar a gaya masa.

Ya zare wayar daga tsakaninmu, ya duba ta, ya taka zuwa bokitin da Auta ta jiƙa wanki, ya sake ta a ciki. A hankali ya yi, ko ruwan bai fantsama ba.

“Baban Auta, ɗanka ne a ciki,” in ji Yaya.

“Kayan sata ne.”

“To ka bari in gan shi, sai ka fasa wayar.”

“An turo mana takarda, fim ɗin yana zuwa wurinmu. Ranar da ya zo ni zan saya miki tikiti, in kai ki da kaina, ki zauna a kujera ki gan shi kamar mutum. Kafin nan ba za a kalle shi a gidan nan ba.”

Na ce, “Kai wane irin mutum ne? Idonta fa tafiya yake yi.”

Ko kallona bai yi ba. Ya ce da Yaya ta rantse masa ba za ta kalla ba, a gida ko a waje, sai a silima. Ta soma roƙonsa. Sai ya ce duk ranar da ya ji an nuna mata, ya san da hannun Auta a ciki, kuma hanyar da yayanta ya bi tana nan ba a toshe ta ba. Wanda ya raka ɗansa bakin motar 'yan sanda ba a yi masa musu a kan irin wannan. Yaya ta rantse. Ni kuma ya ce kada ƙafata ta sake taka matattakalarsa. Abin da ya faru tsakanina da mai wayar kuwa, wannan wani labari ne, har yau in ta hango ni sai ta tsallaka titi.

Aka shiga jira. Kamfanin ya ce ƙarshen wata, wata ya ƙare aka ce na gaba. Ni dai na sa an tura mini kwafin a wayata, na kalli wurin gadar har na haddace. In Tocila ya fita aiki sai in saci jiki in hau, in ce, “Yaya, ba mai gani. Ni da ke ne.” Sai ta kawar da kai ta ce, “Na rantse. Kuma kin san shi, in ya tambaye ni a fuskata zai gane. Ɗaya ya tafi, kina so ɗayar ma ta tafi?” Auta ta ce ita ta yarda a kore ta, uwar ta ce ba ta yarda ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, fir ta ƙi.

Abin da ta koma yi shi ya fi ci mini rai. Ta daina kallon talabijin, ta daina tsintar shinkafa, ta sa aka saki labule. Yini take yi a zaune idonta a rufe. Na ce mata wannan kuma mene ne, ta ce tanadi take yi, kada ta ƙarar da shi a kan shirme kafin ranar. Kullum da safe takan sa Auta ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ita kuma ta buɗe idon ta gwada. Da farko tana cewa, “Na ga kin ɗaure fuska.” Daga baya ta koma, “Jan ɗankwali ne ko?” Daga baya sai Auta ta riƙa matsowa tsakiyar ɗaki tana cewa a bakin ƙofa take.

Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Unguwa ta ci gaba da musu a kan fim ɗin, a wurin mai shayi, a wurin mai wankin mota. Wata rana suka tare shi suka ce ya raba gardama, tunda shi ɗan gida ne: fim ɗin ya yi ko bai yi ba? Ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Mai yabo da mai zagi, ku duka ɓarayi ne.” Ya wuce abinsa.

Na tare shi ni ma a ƙasan bene, yana goge takalmi zai fita.

“Baban Auta, don girman Allah. Ido ba ya jiran kamfani.”

“In na bari an yi a ɗakina, gobe da wace fuska zan haska ɗan wani?”

“To ka roƙi manajanku mana, ko akwai wata hanya.”

“Hanya ɗaya ce, ita muke jira.”

“In ta makance kafin nan fa?”

“Ba ni na sa mata ciwo ba,” in ji shi, ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. Na bi bayansa da maganganun da ba zan maimaita a nan ba, har masu shagon kusa suka fito. Bai waiwayo ba.

Da fim ɗin ya tashi zuwa, sai da aka manna hotonsa a ko'ina, mutumin ƙarfe da jan ido tsaye kan dutsen ƙanƙara. Tocila ya ɗauki hutun yini, abin da abokan aikinsa suka ce ba su taɓa gani ba. Ya zaɓi nunin rana. Ya shiga layi kamar kowa, yarinyar da ke sayar da tikiti tana ce masa ya wuce kawai, ya ƙi. Ni na sayi nawa da kaina, don bai isa ya hana ni shiga inda ba gidansa ba. Yaya ta sa kayan da ta fi so, na yi mata sabon kitso, ta bar idonta a rufe tun daga gida har cikin liftar hawa benen silimar, Auta tana riƙe da hannunta. Rabin unguwa sun biyo mu, masu yabo da masu zagi, don kowa ya ji labari. Malama da matar mai kemis suka zauna a bayanmu, kujera ɗaya a tsakaninsu ba kowa.

Layin farko muka zauna saboda idon Yaya, sai mun ɗaga kai muke ganin saman allon. Tocila yana damanta, Auta tana hagunta, ni ina kusa da Auta. Ya zauna a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, kamar wanda aka kira ofishin manaja. Da aka kashe fitilu Yaya ta buɗe ido.

Gaskiya a babban allo fim ɗin wani abu ne daban. Ƙarar kumbon har a ƙirji kake jin ta. Wasu samari a baya suna tafi, wasu suna tsaki da ƙarfi don a ji su. Ni ba wannan ne a gabana ba, jira nake a shiga rami, daga rami a hau gada. Aka shiga ramin. Ban gama gyara zama ba sai na ga an fito, mahaƙan har sun isa wurin kumbo ana ta harbe-harbe. Babu gada. Na ce ko an mai da ita gaba ne. Auta ta damƙi hannuna har farcenta ya shige ni, ita ma ta haddace kwafin a wayata. Muka yi ta jira, fim yana ta tafiya.

“An kusa?” in ji Yaya.

“An kusa, Mama.”

Can ta sake tambaya, Auta ta sake ba ta amsar nan. Na gane an cire wurin gaba ɗaya, kuma na rasa ta inda zan fara.

Dab da ƙarshe, bayan an ci ƙarafan da yaƙi, wani saurayi daga cikin mahaƙan ya cire hular kwanonsa. Baƙar fata ne, mai faɗin fuska, ya fi Mage jiki nesa ba kusa ba. Fuskarsa ta cika allon daga sama har ƙasa. Yaya ta zabura ta gyara zama, ta miƙa hannu.

“Ga shi nan,” ta ce. “Ga yarona.” Hawaye suna bin ƙasan tabaran. “Ya yi ƙiba. Ashe yana samun abinci.”

Auta ta dube ni, na dube ta. Ta ce, “Shi ne, Mama.”

Na ce, “Shi ne, Yaya. Kin gan shi.”

Duk wanda ke bayanmu ya san ba shi ba ne, don duk sun ga na gadar. Ba wanda ya yi tari. Matar mai kemis, wadda bakinta ba ya raga wa kowa, ta sunkuyo ta dafa kafaɗar Yaya ta ce, “Barka, Maman Mage.” Malama ta ce, “Barka, Allah ya dawo da shi lafiya.” Tun da aka fara rigimar fim ɗin nan, ranar ce kaɗai na ga bakinsu ya zo ɗaya. Yaya tana ta dariya tana kuka, tana cewa, “Na gode, na gode.” Rabon da in ga haƙoranta a waje tun kafin yaron ya tafi.

Sai Tocila ya karkato kansa wajen kunnenta. A hankali ya yi maganar, don an hana surutu a zauren, amma layin farko da na biyu duk mun ji.

“Ba shi ba ne.”

Yaya ta tsaya.

“Wannan wani ne. Wurin da yake ciki an yanke. Mutane sun yi ta ƙorafi a can cewa tsakiyar ta yi tsawo, kamfani ya rage kafin ya turo mana.”

Na ce, “Yaushe ka sani?”

“Ranar da kwafin ya iso. Mai majigi ya gaya mini.”

“Ka sani, ka bar ta ta yi kwalliya, ka kawo ta nan?”

“Na ce zan kawo ta, na kawo ta.”

“To da ka yi shiru mana, mugu. Me zai ragu a jikinka?”

Ya ɗaga mini yatsa ya ce, “Ana kallo.”

Hannun da Yaya ta miƙa ta mai da shi cinya. Ta zauna har fim ya ƙare, har aka kunna fitilu, har masu shara suka shigo suna gaishe da Tocila. A waje samarin nan suna ta musu, wasu sun ce yankan ya gyara fim ɗin, wasu sun ce an kashe shi. Malama da matar mai kemis suka bi ta gefenmu sum-sum, ba wadda ta iya haɗa ido da mu.

Washegari da safe na je wurin mai gyaran talabijin na aro mafi girma da yake da ita, muka kafa ta a shagona, na rufe ƙofa na saki labule. Rantsuwa dai ta ƙare, an je silima. Auta ta sauko da uwarta, ta ce in uban ya ga dama ya watso mata kayanta ta taga. Muka haɗa wayata da talabijin, na kai wurin gadar, na tsayar da hoton daidai inda ya cire hular. Ga Mage nan, ga tabon, ga murmushin gefen bakin. Sai dai kwafin duhu ne, da aka faɗaɗa shi ya ƙara dusashewa, kuma idon da ya kasa bambance fuska a allon silima me zai yi da wannan?

Muka zaunar da ita a kujerar kitso, muka tura ta har gwiwarta tana taɓa teburin. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta karkata kai ta wannan gefen, ta karkata ta wancan. Ta ɗora tafin hannu a kan gilashin tana shafawa.

“Ga shi nan, Yaya. Hannunki yana kan goshinsa. Ga tabon a ƙarƙashin yatsanki.”

Sannan ta ce, “Wannan karon da gaske ne, ko yau ma tausayina kuke ji?”

Na rantse mata. Auta ta durƙusa ta riƙe ƙafarta ta rantse tana kuka. Yaya ta gyaɗa kai irin yadda ake yi wa yara in sun kawo labari.

“Jiya ma haka kuka ce,” in ji ta, ba da faɗa ba. “Ku kira mini Baban Auta ya duba. In ya ce shi ne, to shi ne.”

Na ji kamar in fasa talabijin ɗin. Auta ta share fuska ta hau bene. Muna jin takunta har sama, muka ji an buɗe ƙofa. Yaya ba ta ɗauke hannunta daga gilashin ba, har ta gyara ɗankwali da ɗaya hannun. Ba a jima ba muka ji takun yana saukowa, na mutum ɗaya.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Uwar ta juyo da fuska wajen motsin.

“Yana zuwa?”

“Ya ce ba ya kallon kayan sata, Mama.”

Yaya ta sauke hannunta a hankali. Ta cire tabaran ta naɗe shi a gefen zaninta, ta ce in kashe abin nan, hasken yana sa mata ciwon kai.